Jan Zobe a Gilashin Jirgin Yaya

Tun ranar da aka dawo da Yaya daga asibiti, maza suka tallabo shi a kan kujera suna nishi har hawa na uku, bai sake ganin ƙofar gidan daga waje ba. Benen ba shi da lif. Matakalar kuwa ƙunci gare ta, ga wata kwana a tsakiya wadda ko katifa sai an lanƙwasa ta take wucewa.

Kafin haɗarin, Yaya ne mai tuƙa dogon injin nan da ke ɗaga ƙarafa a wuraren manyan gine-gine. Wuni yake a wani ɗan akwatin gilashi can ƙololuwa, gari gaba ɗaya a ƙarƙashinsa, tsuntsaye na gilmawa ta gefen kunnensa. Ba daga can ya faɗo ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. A ƙasa ne, yana tsallaka titi zai sayi lemo, wata mota ta kwashe shi. Ƙafafu suka mutu, hannun dama ya koma yana ɗan rawa, ido ɗaya ya dusashe. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, daga baya shi da kansa ya sallame ta, ya ce ba zai ɗaure yarinya a jikin gado ba.

Gidan ya rage su uku: shi, da Umma mai ciwon gwiwa, da ƙanwarsa Auta. Sauran 'yan'uwa kowa na can da iyalinsa, sai waya, sai "Allah ya ba ki lada." Auta ce ba ta yi aure ba, kuma aikinta na kwamfuta ne, tana zana katin gayyata da tambarin shaguna, don haka aka ce ai ita ko daga gida za ta iya. Ba wanda ya tambaye ta. Ita ma ba ta ce a'a ba. Ta jawo teburinta ta kafa shi a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin Umma da na Yaya, inda duk wanda ya kira za ta ji. Umma da baki take kira. Yaya kuwa cokali yake bugawa a ƙarfen gadonsa, ƙwan-ƙwan-ƙwan.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo masa kwamfuta da sandar tuƙi da wasan jiragen yaƙi na zamanin da, irin masu farfela a hanci. Mutum na zaune a kujerar matuƙi, sama a buɗe a gabansa, yana tashi yana sauka yana fafatawa da wasu mutane da ke nasu ɗakunan a wasu garuruwan, suna magana da juna ta abin kunne. A can suna kiransa Shaho. Tun da ya fara, sai ya rage jifa da kofi, ya rage juya wa bango fuska.

Wata safiya cokali ya yi ƙara.

"Yaya, ina kan aikin mutane," in ji Auta daga lungu.

"Mutanen sun fi ni ne? Zo ki ga wani abu."

Ta shigo, ta tsaya a bayansa. Ya nuna mata gilashin gaban jirgin da haɓarsa.

"Kin ga wancan ɗan zoben da ɗigo a tsakiya? Shi ne saitin bindiga. Inda ɗigon ya sauka, nan harsashi zai je. To duba kalarsa, ruwan ɗorawa ne fayau, sirantarsa kamar gashin gira. Da na shiga gajimare sai ya ɓace min. Jiya har ɗan ɓangarenmu na harbe."

"Sai ka ba shi haƙuri."

"Na ba shi. Shi ya ce min ana iya zana wani a saka a madadinsa. Hoto ne kawai, a jefa shi cikin wata folda. Ke ba zane ne aikinki ba?"

Ba ta ɗauki abin da wani nauyi ba. Ta koma tebur ta zana ja-jawur ɗin zobe mai kauri, ta ɗiga masa ɗigo, ta adana shi yadda take adana katin biki, ta kawo ta saka inda ya nuna. Yaya ya tayar da jirgi yana gyara zama. Da gilashin ya bayyana, sai ga wani farin murabba'i shimfiɗe a gabansa, ya rufe sama da ƙasa, jan zoben na zaune a tsakiya abinsa.

"Auta," ya ce a hankali, "labule kika rataya min a jirgi?"

Kafin ta ba da amsa suka ji ƙarar karo, allon ya cika da hayaƙi. Ashe tudu ne a gabansa. Yaya ya fashe da dariya har da tari, ita ma ta dafa ƙarfen gado tana yi. Umma ta ɗingiso ta leƙo tana tambayar lafiya, don ta manta yadda dariyarsa take.

Auta ta san maganin abin, sana'arta ce. Farin da ke bayan zoben ba fanko ba ne, fenti ne shi ma, dole a kwashe shi gaba ɗaya har sai manhajar zane ta nuna 'yan ƙananan murabba'an nan fari da toka-toka, alamar babu komai a wurin. Sannan a adana shi a nau'in PNG, wanda ya san yadda ake barin fili a matsayin fili. In aka yi kuskure aka adana a wani nau'in, wasan sai ya cike wurin da fari ko baƙi. Ta gyara ta kawo. Wannan karon zoben ya tsaya shi kaɗai a kan sararin sama, gajimare na wucewa ta cikinsa. Sai dai gefensa da wani farin ɓurɓushi kamar an yanka takarda da almakashi marar kaifi. Ta sake zana shi tun daga farko a kan fanko, gefen ya fita tas. Sai kuma Yaya ya ce harsashinsa na bin gefen kunnen abokan gaba. Ta auna, ta ga ɗigon ya kauce daga tsakiyar hoton da abin da bai kai ƙwayar yashi ba. Ta daidaita. Ranar Yaya ya kakkaɓo jirgi biyu, ya ci abincinsa duka har ya nemi ƙari.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce alheri ne. Amma jan zoben da ya yi kyau da rana ba ya fita a jan sararin yamma, sai an yi kore. Koren kuma ɓacewa yake a kan daji. Wannan jirgin gilashinsa ƙarami ne, wancan bindigoginsa a fiffike suke. Yau a ƙara 'yan layuka a gefe don auna nisa, gobe a cire su sun cika ido. Cokali ya riƙa ƙara safe da rana. Auta ta koma rabin wuninta a kan 'yar kujerar roba a gefen gadonsa, kwamfutarta a cinya, ɗakin na warin man zafi, tagarsa na kallon bangon benen maƙwabta. Sai mutum ya karkata wuya sosai yake hango wani ɗan siririn yanki na sama tsakanin rufin biyu. Masu katin biki suka fara yi mata ƙorafin jinkiri.

Ana haka Malama ta kira. Ita ce ta koya wa Auta zane shekarun baya, yanzu kuma tana riƙe da wata maɗaba'a a wani gari mai nisan tafiyar wuni. Auta ta fita ta amsa wayar a kan matakala, ta ja ƙofa.

"Mai kula min da sashen zane zai bar aiki," in ji Malama. "Ke na fara tunawa. Akwai ɗaki a bayan maɗaba'ar, ƙarshen wata ki riƙa leƙa gida. Na san halin da kike ciki, shi ya sa ban ce ki ba ni amsa yau ba. Amma kada ki daɗe."

Auta ta daɗe zaune a kan matakalar bayan an kashe wayar. Ta tuna ƙarar injin buga takarda da ƙamshin sabon tawada, da yadda ake fita cin abincin rana a dawo ba wanda ya kira sunan mutum.

A kicin ta gaya wa Umma. Umma na zaune a kujera tana murza gwiwa, ba ta ɗago ba.

"Ni ba zan hana ki ba," ta ce. "Kin yi abin da ko ɗa namiji bai yi ba. Sai dai ki gaya wa yayanki da bakinki."

Auta ta yi ta saƙa da warwara. Mai gashin ƙashi da ke zuwa da yamma yana motsa wa Yaya gaɓɓai, shi ke yi masa wanka, ana iya roƙonsa ya ƙara leƙowa da safe. Matar mai shagon ƙasa ta sha cewa a aike ta kasuwa. Umma na iya dafa abinci a zaune. Abu ɗaya ne ba wanda zai iya sai ita, wato zanen saiti. To shi ma ai ba karatun likita ba ne. Ta yanke shawarar koya masa.

Da ta gaya masa zancen aikin, bai ɗauke ido daga allo ba. "Allah ya sa alheri," ya ce, shi ke nan.

Washegari ta saka masa manhajar zanen a kwamfutarsa, ta ɗora masa linzamin kwamfuta a kan katakon da yake cin abinci.

"Ka buɗe sabon shafi, tsawo da faɗi daidai. Ka zaɓi fanko, ba fari ba. Ka ga murabba'an nan? Yauwa. Yanzu ja zobe."

Ya ja. Abin da ya fito ya fi kama da ƙwai.

"Ka danne wannan maɓallin yayin da kake ja, zai fito daidai."

Ya danne, hannun ya yi rawa, zoben ya tsallake ya fita daga shafin. Ya sake, linzamin ya zame ya faɗi ƙasa.

"Hannun nan ba nawa ba ne, Auta. Aro aka ba ni."

"Da shi kake kakkaɓo jirage."

"Wannan daban. Ɗauke abin nan, kaina ya fara ciwo."

Ta sake gwadawa bayan kwana biyu, ta sake gwadawa a mako na gaba. Kullum ƙwai, kullum ciwon kai. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. Saitin da ta yi da hannunta ta saka, ta gan shi garau a gilashi, da safe sai cokali ya yi ƙara, ta shigo ta tarar da baƙin akwati ya rufe gaban jirgin.

"Kin gani? Jiya labule, yau ƙofar kurkuku."

"Wallahi daidai na adana shi, Yaya."

"To ni na sani? Ga shi dai."

Ta zauna ta gyara. Bayan kwana kaɗan wani ma ya yi haka. Ta fara zargin kanta, ta ce ko gajiya ce ta sa take danna abin da ba shi ba. Ta fara zargin wasan. Malama ta turo saƙo tana tambaya, Auta ta ce a ƙara mata lokaci kaɗan. Duk sanda ta ɗauki waya za ta ce ta amince, sai ta hango Yaya zaune gaban baƙin akwati, ba mai cire masa, ya koma juya wa bango fuska.

Asirin ya tonu ne saboda abin kunnensa. Wata yamma abin ya zame ya faɗa cikin bahon ruwan wanka, ya daina aiki, don haka washegari da hantsi muryoyin abokan wasansa ta lasifikar kwamfuta suke fitowa. Auta ta shigo da maganinsa da kofin ruwa, ba takalmi a ƙafarta, bai ji shigowarta ba.

Wata murya mai kauri ce ke magana. "Shaho, wannan da ka yi min jiya, kai, ba magana! Gefensa tas, ko ɗigon fari babu. Ya ma fi na makon jiya. Na ce wa mutanenmu duk mai son saiti ya same ka. Amma don Allah ka sake nuna min yadda kake kwashe bayan hoton, ni kullum baƙin akwati nake samu."

Yaya ya waiga ya gan ta. Ya kai hannu zai rage murya, hannun ya bugi sandar tuƙi, jirgin ya karkata ya nufi teku. Ba wanda ya tare shi. Muryar na ta kiran "Shaho, Shaho, ina za ka?" har ya samu ya kashe.

Auta ta ajiye kofin a kan katako a hankali, don ta ji in ba ta ajiye ba zai iya tashi sama.

"Tun yaushe?"

Ya shiga gyara zaman sandar tuƙin a kan katako.

"Yaya, tun yaushe ka iya?"

"Tun kafin ki fara koya min," ya ce. "Ai a gabana kike yi. Ni ba makaho ba ne gaba ɗaya."

"Baƙin akwatin fa?"

"Ni nake buɗe naki in zuba masa baƙi."

Ta zauna a kujerar robar. Ta dube shi, wannan da ya goya ta a wuya tana ƙarama, wanda ya saya mata kwamfutarta ta farko.

"Ka san abin da na yi ta gaya wa kaina? Cewa na fara rasa hankali. Mutane sun janye aikinsu daga hannuna. Malama na can tana jira, ni ina nan ina goge fentin da kai ka zuba. Ka sallami matarka ka ce ba za ka ɗaure ta a jikin gado ba, duk dangi suka yi ta yabonka. Ni da igiyar me ka ɗaure ni? Ni ba mutum ba ce?"

"Ke mutum ce."

"To me na yi maka?"

Ya mayar da ido kan bangon maƙwabta ta taga, da ya yi magana kuma, muryar ba ta Shaho ba ce.

"Duk mai shigowa ɗakin nan, jikina ya zo gani. Umma ta kawo abinci ta kwashe fo. Mai gashi ya lanƙwasa ni ya miƙe ni kamar tsohuwar waya. 'Yan dubiya su tsaya a bakin ƙofa su ce ya jiki. Ke ma haka kike shigowa da, da magani a hannu, ido a ƙofa. Sai da aka fara zancen saitin nan kika zauna. Muka yi musu a kan kore da ja. Kika ce min ba ni da ido, na ce miki ba ki da kai. Na ga in na iya, shi ke nan, an gama da ni." Ya juyo ya dube ta. "Ban ce na kyauta ba."

Tausayi ya taso mata, haushi ya danne shi, tausayin ya sake tasowa. Ta miƙe ta fita ta bar masa maganin.

Daga ranar cokali bai sake ƙara ba. In tana lungu tana aiki sai ta ji shirun ya yi mata nauyi a kunne. Da ta kai masa abinci bayan kwana biyu, ya ce da ita ba tare da ya kalle ta ba, "Ki kira Malama ki ce kina zuwa. Da gaske nake. Mu nan za mu iya."

Umma ma ta ce za su iya. Auta ta ce to a gwada, za ta fita wuni guda kamar ba ta garin, kada kowa ya neme ta sai in dole.

Ta fita da sassafe. Ta hau bas ba tare da ta duba inda za shi ba, ta sauka a ƙarshen layi, ta shiga wani shagon kayan rubutu ta yi ta shafa takardu masu kauri ba ta sayi ko ɗaya ba. Ta zauna a benci a bakin wani fili tana kallon masu wucewa. Ta ci abinci a hankali, yana da zafi har ta gama, abin da ta daɗe ba ta samu ba. Tana ciro waya tana dubawa, ba kira ko ɗaya. Wani sanyi ya ratsa ta. Ashe za a iya. Har ta fara tunanin wace jaka za ta ɗauka.

Rana ta karkata ta dawo gida, tana hawa tana 'yar waƙa a ranta. Ta tarar da falo shiru, kicin ba alamar an kunna wuta.

"Umma?"

"Muna nan," in ji muryar Umma daga ɗakin Yaya, a sanyaye.

Umma na zaune daɓas a ƙasa tsakanin gado da bango, ta jingina da ƙafar gadon, ɗankwalinta a gefe. Yaya kuwa ya karkace a kan katifa, rabin zanen gadon a ƙarƙashinsa rabi na reto, hannunsa mai lafiya ya miƙo yana dafe da kafaɗar Umma. Da hantsi ruwa ya zube a gadon, Umma ta ce bari ta janye zanen kafin ya jiƙa masa baya, ta ja da ƙarfi, gwiwa ta ƙi, ta zauna. Tashi ya gagara. Ya yi ƙoƙarin jawo ta, shi ma ya zame. Ya buga bango, maƙwabta duk sun tafi aiki. Ya kira mai gashin ƙashi, wayarsa a kashe. Tun lokacin suke nan, ba ci ba sha.

Wayar Yaya na nan a kan katako, dab da hannunsa.

Auta ta durƙusa ta rungumo Umma ta ƙarƙashin hammata, ta ɗaga ta da ƙyar ta ɗora a kujera. Ta juya ta gyara wa Yaya kwanciya, ta zare jiƙaƙƙen zanen, ta ga bayansa har ya yi ja. Sai da ta ba su ruwa sannan bakinta ya buɗe.

"Me ya hana ku kira ni? Ga waya!"

"Ni na ce kada ya kira," in ji Umma. "Wuni ɗaya tal kika roƙa."

Auta ta dubi Yaya.

"Na ɗauka na ajiye ya fi a ƙirga," ya ce. "Na ga in na kira, cewa za ki yi wani baƙin akwatin ne."

Ta fita zuwa kicin ta ɗora ruwa a wuta. Tana tsaye a gaban tukunyar hawaye ya zo, ta bar shi ya zuba, ba ta yi sauti ba don gidan ƙarami ne.

Da safe ta kira Malama. Ta yi godiya, ta ce ba za ta samu zuwa ba. Malama ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta fahimta, za ta riƙa turo mata ƙananan ayyuka ta yi daga gida, in hali ya canza kuma ta neme ta. Dukansu sun san kujerar ba za ta jira ba. Auta ta kira babbar yayarsu ta gaya mata abin da ya faru, ta ce lallai a zauna a yi magana. Yayar ta ce wallahi gaskiya ne, bari yara su samu hutu. Ta ƙare da "Allah ya ba ki lada."

Kwanaki suka ci gaba da tafiya yadda suka saba. Gwiwar Umma ta kumbura, sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Yaya ya samu sabon abin kunne, yana zana wa mutanensa saiti a fili yanzu, ba ɓoyo. Ba ya kiran Auta sai abin da ya zama dole, in ya kira ma da baki yake kira, a hankali, kamar mai neman alfarma a wurin baƙo. Wannan ladabin ya fi cokalin yi mata ciwo.

Wata la'asar ta gama wani tambari, ta zauna tana kallon bangon lungu. Sai ta miƙe ta shiga ɗakinsa, ba magani ba abinci a hannunta, ta jawo kujerar roba. Ya zare abin kunne yana kallonta.

"Wancan shuɗin da ka saka," ta ce, "wa ya ce maka ana saka shuɗi a kan sama? Ba ka da ido."

Bakinsa ya motsa kaɗan. "Na dare ne. Ke ce ba ki da kai."

Can ya turo mata sandar tuƙin zuwa bakin katako.

"Duk zanen da kika yi, ba ki taɓa leƙawa ta cikinsa ba. Riƙe."

"Ni ban iya ba."

"Riƙe dai. Tura wannan gaba. A hankali, ba turmi ba ne. Yanzu jawo sandar wajenki."

Titin jirgin ya gudu ta ƙarƙashinta, hancin ya ɗaga, ƙasa ta saki. Bishiyoyi suka ƙanƙance, wani kogi ya bayyana yana walƙiya, ta ji kamar da gaske a sama take ko da yake tana zaune a kujerar roba. Ta kutsa cikin gajimare, komai ya yi fari, sannan ta ɓullo ta samansa, fili iya ganin ido, ba bango ta kowane gefe.

"Kada ki ƙanƙame," in ji Yaya. "Sassauta hannu. Yauwa. Haka."

"Auta!" Muryar Umma ce daga ɗakinta. "Auta, zo ki kama ni."

Auta ba ta motsa nan take ba. Idonta na kan allon.

"Auta!"

"Ina zuwa, Umma."

Yaya ya ɗora hannunsa a kan sandar, saman nata.

"Je ki," ya ce. "Zan riƙe miki shi a sama har ki dawo."